Albasa Yake Sayarwa

Litinin, 1 ga Yuli, da hantsi. Dapaong

Na sa Awudu a motar Sokode tun da sassafe. Har motar ta tashi bai kalle ni ba, ni ma ban ce ya gaida Mma, mahaifiyarmu, ba. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, tela mai aikin wuyan riga, mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa. Kwana uku ya zo yi mana, ya tashi ya hargitsa min gida.

Abin da ya haɗa ni da mijina Alassani jiya ba na wannan littafi ba ne. Mari ɗaya ne, kuma ba shi ne na farko ba a shekara tara. Sai dai wannan karon a gaban Awudu aka yi. Kafin in dafe kuncina Awudu ya sunkuci bencin ƙofar ɗaki ya maka wa Alassani a bayan kafaɗa. Alassani ya kife, ya tashi ya shaƙe shi, suka yi ta birgima cikin taɓo, 'yarmu Khairiya na tsala ihu a bayan randa, maƙwabta sun cika gida suna kallon banza. Haƙorin Awudu ɗaya ya fita. Na tsince shi da safe ina shara.

Wa ya aike shi? Ni na ce masa ina neman mai rama min?

Alhamis, 4 ga Yuli, bayan la'asar

Alassani na kwance tun Talata. Kafaɗarsa ta yi baƙi ƙirin. Yana ta haɗiyar jajayen ƙwayoyin ciwon jikin nan na mai tebur, biyu-biyu, kamar gyaɗa. Ɗazu ya kira ni bayan gida ya miƙo min gwangwani. Fitsarinsa ne, launin zoɓon da ya kwana, ga kumfa a sama.

"Kin ga aikin ɗan'uwanki."

Na gani. Abin da ban tuna masa ba shi ne, tun sati uku kafin Awudu ya zo yake tari, yake ƙorafin takalmi na matse shi. Ba na neman mari na biyu. Duk da haka ya lallaɓa ya shiga ɗakin baya ya cika kwalaben fetur, saboda masu moto, wato babur, babu ruwansu da ciwon kowa.

Asabar, 6 ga Yuli, da azahar

Ya yi tari ya tofar da jini a kan tabarma. Fuskarsa ta kumbura, idanun sun shige ciki. Asibiti ya ce ba ya zuwa. Amma waya ya iya ɗauka, ya kira Huseini.

Huseini ɗan tagwayensa ne, mahauci a kasuwar Sokode, fuska ɗaya murya ɗaya, zuciya kuwa ta Huseini ta ninka. Tun ranar da Alassani ya ajiye wuƙar fawa ya biyo ni arewa ya shiga sana'ar gidanmu, Huseini bai sake cin abincin hannuna ba. Ga saƙon muryar da ya aiko min, na saurara sau huɗu:

"Raliya, ki buɗe kunne. Ciki ɗaya muka kwanta da shi wata tara. In ya tafi, wallahi tallahi tela zai raka shi. In ya tashi da naƙasa, tela ma haka. Ki je ki gaya ma uwarki."

Na ji tsoro. Na daɗe ban ji irinsa ba.

Talata, 9 ga Yuli, bayan azahar. Asibiti

Sai da ya faɗi a bakin rijiya sannan aka ciccibo shi. An ɗebi jini, an ɗebi fitsari, an haska ciki. Likitan Bamobe ne, ɗan ƙabilar yankin nan, siriri, Hausarsa ta kasuwa ce, yana ce min "kai" kamar wani ƙato. Da ranar lafiya ce da na yi dariya.

Na fara masa bayanin benci, ya ɗaga hannu.

"Madam, benci ya bugi kafaɗa. Ƙoda yana ƙasa. Ƙoda biyu duka ya kumbura daga ciki, benci ba ya yin haka. Wannan jiki ne da kansa yana yaƙi da matatar ƙoda. Kuma yana gudu, sati-sati, ba shekara ba. Ni ina so in sani ta wane ƙofa ya shigo."

Sai tambayoyi. Ya yi ciwon maƙogwaro kwanan baya? Gyambo ko ƙuraje masu ruwa? Shawara, ciwon hanta? Gaɓoɓi na ciwo? Akwai mai irinsa a dangi? Yana shan taba? Wannan na amsa da ƙarfi, har da daɗi: kwali guda a rana. Na faɗi jajayen ƙwayoyin ma, ya girgiza kai ya ce an ɗora wa jaki mai ciwon baya kaya. Alassani ya ce ai maƙogwaronsa ya yi ciwo watan jiya. Likita ya rubuta.

Sannan ya dube ni. "Mijinka yana aikin me? Yana taɓa isansi, man fetur? Fenti? Fasa dutse? Mai shan sigari da yake shaƙar isansi kullum, huhu yana rauni, wani lokaci ta nan ciwo yake kama huhu da ƙoda tare. In haka ne, nan ba wurinsa ba ne, Lome ne, yau-yau. In na maƙogwaro ne, za mu riƙe shi mu gani. Tarin kuma za mu auna shi daban."

Alassani ya matse min yatsa a ƙarƙashin zane har ƙashi ya yi ƙara.

"Albasa yake sayarwa," na ce.

Babanmu, Allah ya ji ƙansa, tun muna yara ya koya mana: mai kaki da mai biro, ba a gaya musu sana'a. Kakana ma haka ya yi da fasa-ƙwaurin goro. Ban tsaya tunani ba, bakina ne ya faɗa da kansa. Ga kuma jandarma zaune a ƙofar asibitin da bindiga a cinya. Yanzu a arewa in an kama ka da durom na fetur, ba tara ake fara yi maka ba, tambayarka ake waɗanne 'yan bindiga kake kai wa a daji.

Bari in rubuta a nan tunda takarda ba ta da baki. Shekara tara Alassani yana zura tiyo a durom yana zuƙa da bakinsa har man ya hau, ya tofar, ya cika kwalabe. Sau ashirin, sau talatin a rana. A ɗakin baya yake yi, ƙofa a rufe. Tagar ɗakin ni na toshe ta da tsumma da hannuna don kada wari ya kai titi. In ya fito sai ya kunna taba, wai tana kashe ɗacin bakin. Shi da kansa ya taɓa cewa a sayi ɗan famfo, na ce bakin nasa me ya same shi?

Laraba, 10 ga Yuli, da hantsi

Likita ya wuce ya ce ko na tuna wani abu. Ban faɗa ba.

Alhamis, 11 ga Yuli, da la'asar

Mma ta kira tana kuka har ba na gane maganarta. Huseini da mahauta biyu sun je shagon Awudu da tsakar rana. Ba su same shi ba, sai suka sami keken ɗinkinsa. Sun fito da shi titi sun sassara da adda, suka yayyaga rigunan mutane, suka watsa a kwata. Daga nan suka wuce gidan Mma, Huseini ya soka wuƙa a jikin ƙyaure ya bar ta a tsaye. Tsohuwa mai shekara sittin da wani abu, ita kaɗai a gida. Awudu ya tsallake katanga ya gudu Blitta wurin gwaggonmu.

Na kira Huseini. Na zage shi, ban rage komai ba, har kakansa mai fawa na ambata. Sannan na ce dokita ya ce ba duka ba ne.

"To mene ne? In ba duka ba, mene ne? Faɗa min, ina ji."

In na ce fetur ne, ai na ce ni ce. Ni na raba shi da wuƙa, ni na sa shi a ɗakin nan. Kuma Huseini ba zai yarda ba sai ya ji daga bakin likita, likita kuwa ba zai faɗa ba sai na fasa masa ƙwai. Gaba kura, baya siyaki.

"Ana kan bincike," na ce.

Ya yi wata dariya ya kashe wayar.

Juma'a, 12 ga Yuli, bayan an sauko masallaci

Yau ma ban faɗa ba. Fitsarin ya ragu.

Asabar, 13 ga Yuli, da yamma

Na koma gida da rana in dafa wa Khairiya abinci, na tarar da motar jandarma a layinmu. Gidan Fa'izu mai gyaran moto suka shiga. Jarka shida kacal gare shi. Sun fito da shi daga shi sai gajeren wando, suka kwantar da shi a taɓo, ɗaya ya taka masa wuya, ɗaya yana zuba masa bel. Matarsa ta riƙe ƙafar babbansu, ya shure ta ta bugi bango. Suka jefa shi a mota tare da jarkokin. Ni ina tsaye da tukunya a hannu, durom biyu na bayan bangon da na jingina da shi.

Kafin la'asar na sa an kwashe su a amalanke ƙarƙashin buhunan gawayi. Na wanke ɗakin da omo sau uku, warin yana nan. Da na cire tsumman tagar, iskar da ta fito sai da ta sa ni amai. A cikin wannan yake wuni.

To wa zai ce ban yi daidai ba? In an tafi da ni, wa zai riƙe Khairiya? Wa zai riƙe shi kansa majinyacin? Na yi daidai. Na yi daidai.

Lahadi, 14 ga Yuli, da safe

Awudu ya kira da wayar gwaggo. Muryarsa ta canza saboda giɓin haƙorin, yana magana iska na fita.

"Yaya, yaya jikin nasa?"

Na ce da sauƙi, irin yadda ake cewa.

"Yaya, don girman Allah ki gaya min gaskiya. Ni ne ko? Ni na fasa mishi ƙoda? Ba na iya barci, ba na iya cin abinci. In na rufe ido sai in ji ƙarar bencin nan."

Kalma ɗaya yake nema. A'a. Ko yaro ya iya faɗinta. Amma haushinsa nake ji har lokacin, kuma wani abu a cikina ya ce bari ya ɗan riƙe min kayan nan na kwana biyu, ai yana Blitta, babu mai samunsa.

"Ka yi ta addu'a," na ce.

Ya ce to, Yaya.

Litinin, 15 ga Yuli, bayan azahar

Tun jiya fitsarinsa bai cika kofin shayi ba. Shaƙuwa ba ta barinsa, numfashinsa na warin fitsari, ƙafafun sun zama turmi. Da rana hankalinsa ya gushe, ya fizge allurar ruwa, jini ya yi tsartuwa har bango. Na je riƙe shi ya kai min naushi a baki, ya kira ni Awudu, ya ce zai yanka ni. Mutum uku suka danne shi aka ɗaure masa hannu da zane a jikin gado.

Likita ya ja ni waje. Ransa a ɓace.

"Madam, na maƙogwaro ba ya gudu haka. Tarin ma ba tibi ba ne. Ina tambayanka kuma. Mijinka yana aikin me?"

Leɓena na jini, ina kallon takalmin jandarman ƙofa.

Albasa.

Allah ya tsine wa albasa.

Talata, 16 ga Yuli, da la'asar

Huseini bai kira ba, bai aiko saƙo ba. Mma ta ce rumfarsa a rufe take yau. Ban so wannan shirun ba.

Laraba, 17 ga Yuli, da hantsi

Na faɗa.

Da safe Alassani ya dawo hayyacinsa kaɗan, ya yi tari, jinin ya cika ƙaramin kwano. Ya dube ni ya ce, "Raliya, mutuwa zan yi ko?" Na bi likita har ofishinsa na rufe ƙofa na zazzage masa komai, tiyo, durom, taga, tsumma, shekara tara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce in zai kira jandarma ya kira, amma ya bari in kai 'yata wurin maƙwabta tukuna.

Ya ajiye biro.

"Jandarma? Madam, motona a waje, isansin kwalba ne a ciki. Kowa a garin nan haka. Ni aikina ƙoda." Ya ƙirga da yatsu. "Kwana takwas. Ba zan rantse isansi ne kaɗai ba, analiz na jini a Lome zai faɗa. Amma da ka gaya min ranar nan, da ranar nan na tura shi. Ƙoda da ya mutu ba ya tashi."

Da ya mare ni da ya fi min sauƙi. Na roƙe shi ya kira Huseini ya gaya masa da bakinsa cewa ba benci ba ne. Ya kira sau uku a gabana. Wayar a kashe.

Laraba, bayan la'asar

Mma ta kira.

Ba zan rubuta ba.

Alhamis, 18 ga Yuli, da safe

Hannun Awudu na dama. Yatsu huɗu da rabin tafi. Gwaggo ta ce sara ɗaya Huseini ya yi, a kan turmin tsakar gidanta, da sanyin safiya, kusan lokacin da nake bin likita a baya. An kawo shi asibitin Sokode. Yana raye.

Gobe motar asibiti za ta tafi da Alassani Lome. Khairiya na wurin matar Fa'izu, wadda har yanzu ba ta san inda nata mijin yake ba.

Juma'a, 19 ga Yuli, da la'asar. Sokode

Mun taso da asuba. Tun daga Bombouaka yake amai, ma'aikaciyar jinya na riƙe da robar iska a hancinsa. A Sokode direba ya tsaya shan mai, sai ga Huseini a bakin titi, wani ya gaya masa. Mma ta hana a kai shi ƙara, ta ce ta bar shi da Allah, shi ya sa yake yawo da ƙafarsa. Ya leƙa motar ya ga irin fuskarsa a kumbure a jikin ɗan'uwansa, ya fashe da kuka kamar mace mai naƙuda.

Na diro na ci kwalarsa. Na miƙa masa takardar likita, na san ba ya karanta Faransanci, na fassara masa da ihu a gaban masu sayar da burodi. Na ce ba benci ba ne, tun kafin benci yake ciwo, fetur ne da taba da ɗakin da na toshe. Na ce ga ni, ni ce, in sara ne ga nawa hannun. Na yakushe shi a fuska, na tofa masa yawu. Jira nake ya doke ni, wallahi so nake ya doke ni.

Bai ɗaga hannu ba. Ya zauna a ƙasa cikin ruwan kwata.

"Bai gudu ba fa," ya ce. "Raliya, yaron nan bai gudu ba. Na shiga da adda, ya taso ya ce Yaya Huseini na san abin da ya kawo ka. Shi ya ɗora hannun a turmi da kanshi. Ya ce wannan ne ya yi dukan."

Direba ya yi ham. Wani dole ya bi majinyaci. Na ce Huseini ya shiga, ɗan'uwansa ne, ni zan biyo motar gobe. Ya shiga da jiƙaƙƙen wando suka tafi.

Asabar, 20 ga Yuli, da azahar. Sokode

Huseini ya kira daga Lome. An ɗora Alassani a na'urar wankin jini. Sun ce huhun wataƙila ya lafa, ƙodar kuwa kada mu sa rai. Ban bi motar safe ba.

Na je wurin Awudu. Ya rame, hannun na naɗe da farin ƙyalle, guntu, an jingina shi a kan matashi. Mma na gefe ta kawo tuwo da miyar kuɓewa. Yana ganina ya yi ƙoƙarin tashi zaune.

"Yaya, ki yafe min. Na so in rama miki ne, na jawo miki wannan. Amma yanzu na biya, ko? Yanzu zuciyata ta ɗan kwanta."

Mma ta yi min ido, wai in bar shi a haka. Da na bar shi, da har ya mutu yana ganin girmana. Na zauna a bakin gadon na gaya masa duka, yadda na gaya wa likita, ban rage ba. Na ce bencinsa kafaɗa kawai ya samu.

Ya dubi ƙyallen.

"Yaushe dokita ya gaya miki?"

"Ranar Talata."

"Wace Talata? Ta wannan satin?"

"Ta wancan."

"Kafin in kira ki ke nan."

"E."

Bai yi ihu ba, bai zage ni ba. Ni da na zo da shirin a zage ni. Tuwon na hucewa, Mma ta ce a ba shi ya ci don ya sha magani. Na wanke hannu, na gutsuro loma, na dangwalo miya na kai bakinsa kamar yadda nake yi masa yana ƙarami.

Ya rufe baki ya kau da kai. Ya jawo kwanon gabansa, ya yi bismilla, ya sa hannun hagu.